Mudu Goma, Turmi Guda

Buhu ɗari da goma na farar masara. Abin da na mallaka a duniya ke nan a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, in ka cire matata Rabi da 'ya'ya uku da tsohon keke. Ba ni da fili, ba ni da asusu a banki. Shekara goma sha biyu na yi ina tarawa: huɗu ina dako a kasuwar Kakuri da ke Kaduna, biyar ina awo da mudun wani, uku ina awo da nawa. Da kaka ta yi na juye kuɗin gaba ɗaya suka koma masara, na jibge ta a wani sito da na kama haya bayan layin dogo, na garƙame, na ce sai tsakiyar damina.

Makon jiya ne abin ya dawo mini. An kwana biyar ana ruwa, da rana ta ɗan leƙo Rabi ta sa aka fitar da tsohuwar katifarmu a shanya. Rigar katifar ta yage ta gefe, sai ga wata fuska tana leƙowa daga ciki: mutum mai doguwar hula da wushirya, yana murmushi. A daidai lokacin rediyon maƙwabcinmu yana faɗin gwamnati za ta fitar da hatsi don rage wa talaka raɗaɗi. Na dubi fuskar, na dubi Rabi. Ta ce, "Malam, mutumin naka bai gaji da dariya ba." Ni dai ban yi dariya ba. Na ja kujera na zauna.

Sana'armu ba ta da wani sirri. Ka saya da kaka lokacin da manomi ke neman kuɗin biki da na makaranta, ka sayar da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Masu sayen nawa kuwa ma'aikatan masaƙa ne. A wancan zamanin jiniyar kamfani ce agogon Kakuri. Sau uku take kuka a yini, in ta yi sai ka ga mutane sun cika titi, wasu a keke, wasu a ƙasa, auduga a gashin kansu. Ƙarshen wata ba sa tsayawa awon mudu. Buhu suke ɗauka, ko mutum biyu su haɗu su raba. Da su na yi lissafina.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda kwanon ɗaki ke ƙara da rana. Rijiyar gidan hayarmu ta koma laka, Rabi tana tashi da asuba ta bi layin famfo da bokiti biyu. Kananzir ya yi wuya, alhali in ka tsaya a kan gada kana hango harshen wutar matatar mai ta wajen Rido. Muka koma girki da ɓuntun katako. Cikin wannan zafin ne kamfanin da ke kusa da mu ya rage aiki daga kashi uku zuwa ɗaya, daga nan wata Litinin jiniya ba ta yi kuka ba. Har yau ina tuna yadda mutane suka yi ta duban sama kamar jiniyar a can take.

Ma'aikatan suna bin albashin wata uku. Kuɗi babu, sai kamfani ya biya su da abin da ke cikin sitonsa: kowa turmi goma na atamfa. Da atamfar kirki ce da an ce da sauƙi. To ba ita ba ce. Wani ɗan siyasa ne ya ba da aikinta lokacin neman ƙuri'a, aka buga hotonsa a jiki, fuska shida a kowane zani, ya biya kafin alƙalami. Ya faɗi zaɓe, bai sake waiwayar kamfanin ba. Ita aka raba wa mutane. Ka je kasuwa ka ga magidanci tsaye da turmi a kafaɗa, ya yini babu wanda ya taya. Wace mace ce za ta ɗaura wanda ya faɗi?

Aka rantsar da sabuwar gwamnati ruwan farko yana sauka. Ba a yi sati biyu ba aka shelanta a rediyo cewa za a buɗe rumbunan gwamnati, a kawo masara kowace unguwa a rabin farashi, waɗanda aka sallama daga aiki kuma kyauta. Sabon kansilanmu ya zagaya da lasifika a bayan a-kori-kura yana cewa, "Kowa ya kwantar da hankalinsa! Tirela tana hanya! Kada wanda ya bari 'yan kasuwa suka cuce shi!" Da ya zo daidai rumfata har ɗaga mini hannu ya yi.

Mutane suna tsammanin tallafi ranar da ya iso yake fara aiki. A kasuwa ranar da aka faɗe shi yake farawa. Daga wannan satin babu wanda ya ƙara sayen buhu. Mai ɗan kuɗi a hannu ya riƙe abinsa, yana sayen mudu ɗaya, rabin mudu, yana jiran tirela. Abokan sana'ata suka tsorata, suka yi ta karyar da nasu ga masu gidan kaji. Ni na ƙi. Na yi dako, na san tirela. Na san wadda ke hanya da wadda ke bakin mai lasifika. Na ce wa Rabi ba za ta zo da wuri ba. A nan na yi daidai. Abin da ban lissafa ba shi ne, ko ta zo ko ba ta zo ba, mutanen da zan sayar wa ba su da ko kwabo.

Sau uku aka rubuta sunaye a makarantar firamare. Na farko aka ce a zo da katin aiki. Na biyu aka ce wancan takardun ruwa ya jiƙa su, a zo da katin zaɓe. Na uku aka ce sai mai gidan da kake haya ya sa hannu. Kowane karo mutane su yini a layi, ruwa ya dake su, rana ta busar da su, su koma gida ba su ci komai ba. Yuli ya shiga. Waɗanda suka saba da injin suka ari fartanya, suka bi bakin kogi da gefen layin dogo suna shuka masara a duk inda babu mai shi. Amma shuka ba ta cika ciki a watan da aka yi ta. Gidaje suka koma cin abinci sau ɗaya. Mata suna bin juji suna tsinkar tafasa da rama, a dafa, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Da yamma unguwa takan yi shiru, ba ƙarar turmi, ba hayaƙi sai ɗai-ɗai. Mu a gidanmu akwai tuwo, amma miyar kuka ce ba mai ba nama har na manta ɗanɗanon wata.

Sai ruwa ya samu sitona. Kwanon ya tsufa, ya fara ɗiga ta kusurwa biyu, ƙasa kuma tana tsattsafo danshi. Na sa katako, na sa leda, na sa kwanoni. Wata safiya na buɗe ƙofa wani wari ya tare ni, warin tsami-tsami kamar na gasara da ta kwana uku. Na zura hannu cikin buhun ƙasa, na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na tsaya shiru, sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ta ko'ina. Ƙwari ne suke cin shekaruna goma sha biyu, ina tsaye ina sauraro.

Maganin abin ɗaya ne: a zazzage, a baza, a shanya, a sheƙe, a mayar. To ina za ka baza buhu ɗari da goma a watan da ba a yini ba a yi ruwa ba?

Ina zaune a ƙofar siton Baba Yohanna ya zo wucewa. Dattijo ne mutumin kudancin jiha, ya shekara ashirin da shida a kan injin da ke buga zane a jikin yadi, kuma tun ina awo da mudun wani yake sayen masara a hannuna. Da aka rufe kamfani sai aka bar shi cikin masu gadin wurin, ba albashi, sai alkawari. Ya ja hanci, ya ce, "Malam Idi, burukutu ka fara dafawa ba ka gaya mana ba?"

Na ce, "Baba, bar ni da abin da ya dame ni."

Ya shiga, ya zura hannu a buhu, ya fito yana goge shi a wando. Ya ce, "Kwana goma. In ka wuce haka, ko alade sai ya yi tunani."

"Na sani."

"Akwai rumfar lodi a kamfani. Daɓen siminti, rufi lafiya lau, iska ta ko'ina. Tirela shida take ɗauka. Makullin yana aljihuna."

Na ce, "Nawa?" Don ni ban san wata tambaya ba.

Ya ce, "Ni ba na haya da abin da ba nawa ba. Zan gaya wa manajan da ya rage, ba zai hana ba, shi ma gidansa ana cin tuwo. Amma masu ɗauka da masu shanya mutanena ne, kuma da masara za ka biya su. Kullum, ba ƙarshen wata ba. Mun gaji da ƙarshen wata."

Washegari mutum goma sha huɗu suka zo da baro da amalanke. Waɗannan mutane ne da da can in sun zo rumfata ni ke miƙewa in ba su benci. Suka cire riguna, suka yi ta jigila cikin yayyafi, leda a kan buhu, su kuwa a jiƙe. Muka baza masarar a daɓen nan fari fat tun daga ƙofa har bango. Ta tagar da ke ciki kana hango injuna a jere an lulluɓe su da tamfol. Maza suna juyawa da ƙafa da shebur, matansu suna sheƙewa da faifai, ƙwari suna bin bango baƙi ƙirin. Ƙaiƙayi ya hana kowa sakat. Da la'asar in auna wa kowa mudu biyu. Na lura babu mai tsayawa hira bayan awo. Kowa sauri yake ya kai injin niƙa kafin a ɗauke wuta. Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka.

A rana ta shida Mama Saratu, matar Baba Yohanna, ta ajiye faifai, ta kwance wani ƙulli ta shimfiɗa a gabana. Turmin atamfar nan ne. Ta ce, "Idi, ɗana, auna mini."

Na ce, "Mama, ni hatsi nake sayarwa. Me zan yi da wannan?"

"Ka ɗinka wa Rabi."

"So kike ta koma gidansu?"

Matan suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Yadin ba shi da laifi. Taɓa ka ji. Audugar ƙasar nan ce, mijina ya buga shi da hannunsa, ko shekara goma kana wanki ba zai zuba ba. Fuskar ce kawai ta faɗi zaɓe. Jikokina huɗu a ɗaki, mudu biyu ba ya kai mu safe."

Na ce ta bari in yi tunani. Da na koma gida na ba Rabi labari ina cin tuwo. Ta ce, "Ni ban san kasuwa ba. Amma masarar nan kullum raguwa take yi, ko?" Na ce haka ne. Ta ce, "Atamfar fa?" Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Ba zan yi wa kaina ƙarya a tsufana ba. Ba tausayi ne ya fara motsa ni ba, wannan maganar ce. Ko na shanya, ƙwari za su dawo kafin Satumba, ga sabuwar masara tana tafe, ga tirelar gwamnati da ba a san ranarta ba. Ƙwaro kuwa ba ya cin atamfa. Tausayin daga baya ya zo, kuma bai hana ni ciniki ba.

Da safe na ce wa Mama Saratu mudu shida kowane turmi. Ta dafe ƙirji. "Shida? Turmin da ake ba da rabin buhu a kansa? Idi, ka ji tsoron Allah. Ba ni na riƙa ba ka ruwa kana dako ba?"

"Mama, wancan turmin ba shi da wushirya."

"Ashirin."

"Bakwai."

Baba Yohanna yana gefe yana juya masara da ƙafa, bai ɗago ba ya ce, "Goma. Turmi goma, mudu ɗari, buhu da kwata. Zai kai gida har sabuwa ta nuna. Ƙasa da haka ba ciniki ba ne, jinkirta yunwa ne kawai. Kai ma ka san ba ka da wani mai saye."

Na sani. Na ce goma.

Kafin azahar labari ya kai Unguwar Sanusi. Aka yi layi a ƙofar rumfar lodi, kowa da ƙullinsa, layin da ya fi na makarantar firamare tsari don wannan ana komawa gida da wani abu. Na sa sharaɗi ɗaya: sai wanda Baba Yohanna ya shaida ma'aikaci ne, don kada 'yan kasuwa irina su saye atamfar a banza su kawo mini. Gida arba'in da takwas na auna wa. Da buhu na sittin ya ƙare na ɗaure bakin sauran, na ce an rufe. Akwai mutum tara a layi. Wata mata mai goyo ta tsaya tana dubana, sannan ta mayar da ƙullinta ka ta juya. Na bar sauran ne don masu kuɗi a hannu, in sami abin sake saye da kaka. Har yau in aka sake ɗora ni a wurin ina jin haka zan yi. Har yau kuma ban manta bayan matar nan ba.

Tirelar gwamnati ta iso bayan an fara gasa sabuwar masara a bakin titi, waɗanda suka shuka bakin kogi sun fara karya tasu. Guda ɗaya ce, ba ta cika ba. Aka kafa rumfa, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto. Da aka raba, kowane gida mudu uku. Masarar ta daɗe a ajiye, ta yi ja, tana warin magani. Amfanin da ta yi shi ne, da jin ta iso farashi ya ƙara faɗuwa, masu ɗan abin bakin kogi suka sayar da nasu a wulaƙance.

Ni kuma ga ni da turmi ɗari huɗu da tamanin a ɗakin kwana, mu da yara muna raɓe a gefe, duk inda ka juya mutumin yana maka murmushi. Na kai Kano, aka yi mini dariya. Na kai marina aka tura turmi ɗaya a baba, ya fito shuɗi, wushiryar tana nan. A ƙarshe Oga Chidi, wani Inyamuri mai yin katifa a Sabon Tasha, ya zo ya murza yadin a yatsunsa, ya ja shi da ƙarfi, ya ce, "Oga Idi, kaya mai kyau ne, amma wahala ne. Zan sa shi daga ciki, in rufe da wani. Mutum ba zai san a kan wa yake kwana ba." Ya ce kaɗan-kaɗan zai riƙa ɗauka, in ya sayar ya biya. Na yarda, don babu na biyunsa. Shekara uku ya yi yana kwasa.

Kafin ya ɗauki kashin farko, Baba Yohanna ya zo rumfata da wata 'yar jaka. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce ya mayar da makulli, gobe zai koma ƙauye, kamfanin ba zai tashi ba. Ya ajiye jakar a kan buhu.

"Rabona ne na gwamnati. Mudu uku. Turmi ɗaya nake so."

Na ce, "Baba, ai goma muka yi."

"Goma ka saya. Yanzu nawa ake tayawa?"

Babu mai tayawa, shi ma ya sani. Na ce, "Me za ka yi da shi? Mama ta ce ko gawarta kada a rufe da shi."

Ya ce, "Shi ne aiki na ƙarshe da ya bi ta injina. In ka duba jan da ke jikinsa, bai hau kan koren ba ko da tsinin allura. Shekara ashirin da shida, ba ni da takardar sallama, ba ni da fansho. In jikokina suka tambaye ni me na yi a Kaduna, in sami abin nunawa."

Na so in ce ya ɗauka kyauta. Na dubi fuskarsa na ga in na faɗa zai bar turmin ya tafi. Na ɗauko mudu na auna masarar a gabansa, ɗaya, biyu, uku, na ukun bai cika sosai ba. Na aika gida aka kawo turmi, ya duba gefe da gefe, ya ce a canza, wannan akwai tabo. Aka canza. Ya saƙale shi a hammata, muka yi musabaha, ya bi layin dogo. Ban sake ganinsa ba. Bayan shekara shida Mama Saratu ta aiko mini da labarin rasuwarsa.

Yanzu rumfar lodin nan ciyawa ta fasa daɓenta. Ina da shago uku da mota, kuma rabin masu saye a hannuna 'ya'yan gidajen nan arba'in da takwas ne. In na ji an ce tirela tana hanya, ba na murna, ba na zagi. Hawa nake sa a yi a duba mini rufin sito.

Ga yadda buhu ɗari da goma suka ƙare. Goma sha huɗu danshi da ƙwari suka lalata. Takwas suka tafi ladan shanya. Ashirin da takwas na sayar mudu-mudu da kuɗi. Sittin suka koma atamfa, abin da Oga Chidi ya biya a shekara uku kuwa bai wuce kuɗin buhu talatin da biyar ba, har da katifar da ya ba mu gyara. Na shiga daminar da ɗari da goma, na fita da sittin da uku. Asarata buhu arba'in da bakwai, ba mudu uku. Mudu ukun nan su ne duk abin da ya iso hannuna daga tallafin gwamnati, kuma kajin Rabi ma sai da suka yi kwana biyu suna zagaya su kafin su ci.